Don Baudilio da Mazan Farar Furutiya

Kafin hayaƙin farko ya tashi daga rufin kowane gida a tudunmu, Don Baudilio Cayupán ya riga ya sha shayinsa na mate, ya cusa rabin gurasar toka a aljihu, ya rataya buhu a kafaɗa ya kama hanya. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Takalminsa na taya ne, malafarsa ta tsufa har ta gaji da tsufa, sandarsa kuwa gora ce da ya yanko a bakin rafi. Idan ya iso gonar da zai yi wa aiki ranar, ba ya fara taɓa fartanya. Sai ya bi kunyoyi daga ƙasan gangare zuwa sama, hannu a baya, yana leƙa kowane tushe ɗaya bayan ɗaya. Mai gona yakan tsaya daga nesa yana ƙunƙuni, wai rana tana yi. Shekara hamsin da huɗu ke nan ana wannan ƙunƙuni, har yau bai sa ya ƙara sauri ba.

Abin da muke nomawa a nan saman tsaunukan Nahuelbuta farar sitiroberi ce, wadda mu muke ce wa furutiya. Ko ta nuna ba ta yin ja. Fara ce, sai ɗan ja-ja a gefen da rana ta fi taɓawa. Mako huɗu ko biyar kaɗai take bayarwa a shekara, cikin Disamba, wadda a nan ita ce lokacin zafi, amma kwando ɗaya in ya kwana a ɗaki, bargo da labule sai su yi kwana uku suna ƙamshi. Ba ta son doguwar tafiya, ba ta son hannu mai nauyi. Ba kuma ƙwaya muke shukawa ba. Tushe ne ke miƙa yaɗo, a cire ɗan da ya kama ƙasa a dasa. Wanda uwata take dasawa daga na kakata ya fito, na kakata daga na tata kakar. In irin ya mutu a tudun nan, babu kantin da za a shiga a sayo wani.

Gida goma sha bakwai ne muke nomanta, kuma babu gonar da Don Baudilio bai durƙusa a ciki ba. Shi kansa ba shi da ko kunyar shuka ɗaya tasa. Filin mahaifinsa ya zama dajin katako tun kafin ya yi wayo. Ɗakinsa na katako ne, guda ɗaya, a bayan makaranta. Bai yi aure ba, bai haihu ba. Wani abu ɗaya da yake yi na ƙawa shi ne, duk Oktoba in gonaki suka yi fure, sai ya soke fure ɗaya a malafarsa, ya yi ta yawo da shi har ya bushe.

Furen kuwa ba kowane ba ne. A cikin furutiya akwai tushen da ke fure ya yi 'ya'ya, akwai wanda fure kawai ya iya, babba mai rawayan ciki, ya buɗe ya bushe ba ɗa ko ɗaya. Shi muke ce wa namiji, furensa kuma yake sokewa a malafa. Da yake ba shi da ɗawainiyar 'ya'ya, ƙarfinsa duk a yaɗo yake ƙarewa, in aka ƙyale shi sai ya mamaye gona. Tun ina yarinya aikin rage shi na Don Baudilio ne, don shi kaɗai yake gane shi ta ganye ko ba lokacin fure ba. Sai dai bai taɓa tuge su duka ba. Kowane taku bakwai yakan bar ɗaya. In aka tambaye shi dalili sai ya ce haka kakarsa take yi. Tsofaffin da suka san dalilin sun riga mu gidan gaskiya, mu kuwa da muka samu mai yi mana, ba mu taɓa tambaya da niyyar jin amsa ba.

Maƙwabcinmu Don Ruperto Ancamil, wanda bakinsa ba ya hutu ko a coci, shi ya fi kowa tsokanarsa a kan haka.

"Peñi," yakan ce masa, wato ɗan uwa, "ai na gane. 'Yan uwanka ne, shi ya sa kake jin tausayinsu. Kai fure, su fure, ba wanda ya taɓa ajiye ɗa."

"Kai da ka ajiye tara," in ji Don Baudilio ba tare da ya ɗago kai ba, "wanne ne ya zo ya taya ka cire ciyawa?"

Haka suke tun suna samari. Da yamma kuma za ka gan su a dakali ɗaya suna miƙa wa juna ƙoƙon mate.

Muna da wata al'ada da ba wanda ke wasa da ita. Ƙwayar da ta fara nuna a gona, 'yar fari, mai gona ne ke cinta, a tsaye cikin gonarsa, kafin a tsinki ko ɗaya. Ba a ba baƙo, ba a ba ɗan ƙwadago, ba a kai wa maras lafiya. Kusan kullum Don Baudilio ne ke fara ganinta, tunda shi ke riga kowa shiga. Sai ya cire malafa ya kifa a kanta don tsuntsu, ya tsaya ya ƙwala wa mai gona kira. Abin da shi yake ci kuwa, waɗanda tsuntsu ya caka ne. Yakan tara su a ganye, ya yanke wurin cakin da wuƙa, ya murƙushe cikin garin gasasshiyar alkama ya ci da tsakar rana. In ka miƙa masa lafiyayya sai ya ce ta kasuwa ce, shi ya fi yarda da zaɓen tsuntsu. Na girma ina ganin haka, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Kowa a tudun nan yana da labarinsa. Doña Eduvina ta ce shekarar da mijinta ya rasu ana tsakiyar dashe, ta fito bayan kwana tara na zaman makoki ta tarar da gangarenta duka a dashe, ba wanda ya ce mata uffan, amma ta gane jerin taku bakwai ɗin. Shekarar da gobara ta taso daga dajin katako, kowa ya ruga ya ceci rufinsa da awakinsa. Shi da ba shi da abin ceto, ya ɗauki fartanya ya share tsiri a bayan gonaki huɗu, wuta ta zo ta tsaya a nan. Girarsa ta hagu har yau ba ta sake tsirowa daidai ba. Waɗannan duk an sani, an kuma gode masa a lokacin da kaza ko kwalbar zuma. Wanda ba a sani ba shi ne nawa, kuma shi ne dalilin da na ɗauki alƙalami.

Ni ce Nolfa Huenupi, 'yar Doña Herminda ta gonar da ke ƙasan marmaro. Ina da shekara ashirin da shida na je birni na yi karatun noma na shekara biyu. Malamaina ba su koya mini ƙarya ba. Jar sitiroberi suka koya mini, wadda kowane furenta ya ishi kansa. Ni ce na dawo da littafi a hammata da kai a kumbure, na ɗauka abin da ya yi wa ja ya yi wa fara. Aka naɗa ni shugabar ƙungiyarmu, don ni kaɗai na iya rubuta wa hukuma takarda. Bayan girbi na tara mutane a ajin makaranta na ce musu ana cutarmu da hannunmu. Ga tushen da ke cin taki, yana shan ruwa, yana tare wuri, ba ya ba da komai. A tuge su duka a ƙona, a dasa masu haihuwa a gurbinsu.

Don Baudilio yana tsaye a bakin ƙofa, don bai taɓa zama a kujera a taronmu ba. Ya cire malafa ya ce a rage dai, kada a tuge duka. Na tambaye shi dalili. Ya ce kakarsa. Aka yi dariya, Don Ruperto ya ce a ƙyale mutum ya kare danginsa. Dariyar ta ƙara mini ƙarfi, sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nakan ji zafi a fuska.

"Don Baudilio, wannan taron masu gona ne."

Ya dube ni, ba da fushi ba, ya mayar da malafarsa ya fita. Kuma don ka ji ƙarfin hali irin namu, shi ɗin muka sa ya yi aikin, tunda ba fure a lokacin, ba mai iya gane su sai shi. Mako uku yana cika buhu yana haurawa da shi ta bayan marmaro. Kowace yamma muna hango hayaƙi daga can sama, ni kuma ina jin daɗi an kawo ci gaba.

Oktoba ta zo, gonaki suka yi fure fari fat, irin wanda ba mu taɓa gani ba. Na riƙa tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Disamba ta zo, furen ya zube, abin da ya rage 'yan ƙanana ne, a murɗe, wasu kamar ƙulli. Gonarmu da ke cika kwando talatin ba ta cika huɗu ba. Aka ce dusar ƙanƙara ce ba ta sauka sosai ba a hunturu. Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Aka ce itatuwan katako ne suka shanye ruwa, aka ce ƙudan zuma ne suka yi ƙaura, Don Ruperto ya ce bakin mutanen kwari ne ya kama mu. Gida uku suka haƙura suka bar gonakinsu ga ciyawa.

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta raɗa mini gaskiya sau ɗaya ko biyu. Na toshe kunne. In har rashin mazan ne sanadi, to an ƙone su, kuma ni na ce a ƙone. Yarda da haka daidai yake da in tsaya gaban mutane in ce na kashe irin kakanninsu cikin mako uku. Ban iya ba. Don Baudilio kuwa yana zuwa aikinsa kullum, yana gaishe ni kamar da, bai taɓa ce mini kin gani ba. Malafarsa dai ba fure a shekarun nan biyu.

Sai wani mutum ya fara zuwa da mota, mai sayen filaye don dashen katako. Yakan tsaya a shingenmu yana auna gangaren da ido. Wata rana muna cin abinci uwata ta ajiye cokali ta ce, cikin muryar da take faɗin farashin ƙwai, in Disamba mai zuwa ta yi kamar wannan za ta sayar. Mahaifina ne ya share gangaren nan da shanu biyu, a nan aka binne cibiyata. Na san kuma in uwata ta sayar, sauran za su bi, domin gonarmu ce a tsakiya.

Na koma ga littafina kamar mai neman tsira. Na samo wani haɗin taki na ciyawar teku da toka, na sa aka kawo ciyawar daga bakin teku a amalanke. Cikin Mayu, lokacin dashe, Don Baudilio ya kwashe mako guda yana watsa shi a gonarmu shi kaɗai. Ya ce in bar masa, warin zai kama mini kaya. Na bar masa da murna. Da fure ya fito kuwa ban leƙa gonar ba ko sau ɗaya, don na gaji da furen da ke yi mini dariya.

Ranar biyu ga Disamba da sassafe muka ji muryarsa daga gangare yana kiran Doña Herminda. Uwata ta fita ba ko mayafi. Ya ɗaga malafa, ga 'yar fari a ƙasa, cikakkiya, ƙamshinta har inda nake tsaye. Ta ci a tsaye tana hawaye. Shekarar gonarmu ta cika kwando ashirin da shida, ita kaɗai a duk tudun. Mai mota ya zo, uwata ta ba shi furutiya biyu a tafin hannu ta ce ya gaida gida.

Nan fa aka ce takin Nolfa ne. Kowa ya zo neman haɗin, kowa ya zo neman yaɗo daga gonarmu, wai irinmu ya farfaɗo. Don Baudilio ne ya cire yaɗon, shi ya zuba a buhu, shi ya je ya dasa wa kowa. Cikin shekara biyu tudun duka ya dawo, har gida ukun nan suka koma gonakinsu. A bikin furutiya na gari aka kira sunana a lasifika, aka ba ni allon yabo na katako, aka ɗauke ni hoto ina murmushi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Shi yana can bayan rumfa yana sauke kwanduna.

A Oktoban da ta biyo baya ina zagaya gonarmu da taƙama, sai na ga fure babba mai rawayan ciki. Na yi taku bakwai na ga wani. Raina ya ɓaci, na ce wato sun sake tsirowa. Na sunkuya zan tuge, sai kan gora ya sauka a bayan hannuna, a hankali.

"Bar shi, Nolfita," in ji Don Baudilio. "Zo mu je."

Muka haura ta bayan marmaro, muka shiga kwazazzabon da ba mai zuwa sai awaki. Tafiyar kusan awa guda ce. Muka ɓullo wani ɗan fili da aka kewaye da ƙaya. Mazan ne, duka, layi-layi, kowane layi da dutse a kansa. Ya nuna da gora, wannan na Eduvina, wannan na Ruperto, wannan namu. Ƙarar ƙudan zuma ta cika wurin. A gefe ga tsohon tabon wuta inda ya riƙa ƙona busassun ƙirare don mu ga hayaƙi. Ya kama ni da hannu ya nuna mini ƙafar wata zuma, ta yi dumu-dumu da rawayan gari. Ya ce kakarsa ba ta san sunan abin ba, cewa kawai take yi mace ba ta haihuwa ita kaɗai.

Na zauna a ƙasa. Ashe cikin makon nan na warin taki ya dasa su a gonarmu, ashe kowane buhun yaɗo da ya kai wa mutane da maza a ciki. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

"Na faɗa," ya ce. "A bakin ƙofa."

Na ce to bayan nan fa, da aka yi ta asara, da aka yi ta yabona. Ya ce shekarar farko shi ma bai tabbata ba, don kakarsa ba ta taɓa gwada tuge su duka ba, kuma mazan ba su gama kama ƙasa a sabon wuri ba. Da ya tabbata kuwa, ya duba ya ga in ya tona, ba mai sake saurarona.

"Ke kika rubuta takarda aka kawo mana bututun ruwa," ya ce. "Ni ban iya ba. Tudun nan yana buƙatar mai takarda." Sannan ya ƙara, "Takin naki ma ba laifi. Nauyi ne dai da shi."

Na yi dariya ina kuka. Na rantse zan tara mutane in faɗa. Ya ce in bari, abin da ya wuce ya wuce. Kunyar da ta fi ta farko ita ce, na ji daɗi da ya ce in bari. Na bari har shekara goma sha ɗaya. Allon yana rataye a ɗakinmu, baƙi suna karantawa, ni ina ba su shayi. Duk Oktoba ina ganin fure ya dawo malafarsa, ina kawar da kai.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani, gwiwoyi kuma sun ce sun gama. 'Yar ƙanwarsa Rosalba ta zo ta ce da zarar an gama girbi za ta tafi da shi gidanta a birni, kusa da asibiti. Ran da na ji haka na sauke allon na gaya wa uwata komai. Ba ta ko ajiye saƙarta ba. Ta ce ta sani tun makon farko, domin ɗanyen ganyen furutiya hayaƙinsa fari ne mai kauri, wancan kuwa hayaƙin ƙirare ne. Na ce to me ya hana ta magana duk shekarun nan. Ta ce kunyata ce, ba tata ba, jira take in girma.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tara mutane a ajin nan dai, ranar da Rosalba ta kai shi ganin likita, na faɗa musu daga farko har ƙarshe, har da maganar bakin ƙofa, ko da yake wasu suna nan lokacin da na yi ta. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi zagi ciwo. Don Ruperto ya daɗe yana juya hularsa. Can ya ce, a hankali, "To ashe 'ya'yan nan duka nasa ne."

Uwata ce ta kawo maganar 'yar fari. Aka ɗan yi gardama, wasu suka ce al'ada ce, mai gona ne ke ci, ba a taɓa karyawa ba. Ta ce ita ba ta ce a karya ba. Ta ce a gaya mata dai, in ba don shi ba, wa ke da gona a ɗakin nan yau.

Ranar huɗu ga Disamban nan ya shigo gonarmu da sassafe kamar kullum. Ido ba ya gani sosai, da hanci ya samo ta. Ya kifa malafa ya kira Doña Herminda. Ta fito da sandarta, ni ina biye, maƙwabta kuma suka fara fitowa daga bayan shinge inda suka laɓe kwana uku a jere suna jiran wannan kira. Ya ɗaga malafa ya ja da baya.

"Tsinka ka ci, maƙwabci," in ji uwata.

Ya ɗauka wasa take. Ya ce ba gonarsa ba ce. Ta ce ta ji, ya tsinka. Ya juyo wajena, ya kasa ganin fuskata amma ya gane, ya ce, "Nolfita, kin yi surutu." Na ce na yi, chachay, kamar yadda muke kiran dattijon da muke girmamawa, kalmar da ya kamata in kira shi da ita tun ranar ajin nan. Don Ruperto ya ɗaga murya daga shinge ya ce ya ci mana, ko sai an kira tsuntsu ya buɗe masa.

Ya durƙusa da ƙyar ya tsinke ta da farce, ya miƙe, don a tsaye ake ci. Ya daɗe yana shinshinawa. Ya gutsiri rabi ya rufe ido. Ya haɗiye, ya cinye ragowar, ya goge baki da bayan hannu.

"Ashe haka take," ya ce, "in tsuntsu bai riga ka ba."

Shekara hamsin da huɗu. Na juya baya don kada ya ji kukana, na tarar rabin masu shingen sun riga ni. Kwana tara a jere bayan nan Don Ruperto yana ɗaukarsa a amalanken shanu daga gona zuwa gona, duk inda 'yar fari ta nuna, suna tafe suna faɗa. Ya ci goma sha bakwai. Ya ce ta Ruperto ce ta fi tsami, kamar mai ita.

Chachay, kai ne ka san abin da ba ya haihuwa ma yana da aiki. Kai ne aka kora da baki, ka dawo da buhu a kafaɗa. Kai ne ka rufa wa yarinya asiri alhali ita ta tozarta ka, ka bar ta da allo ka ɗauki kwando. Ba ka da kunyar shuka ko ɗaya a tudun nan, amma babu kunyar da ba ta san gwiwarka ba. Na gode maka a madadin mahaifina da ya share gangaren, da uwata da ba ta sayar ba, da jikokin Eduvina da suke cin abin da ba su san ya kusa ƙarewa ba. Ina kuma neman gafararka, a rubuce, tunda rubutu ne ka ce na iya.

Makonnin nan da suka rage yana zaune a kan dutse a gonarmu, ni da maƙwabta uku muna kawo masa ganye yana shafawa da yatsa yana cewa wannan namiji, wannan mace, mu kuma muna kuskure yana dariya. Mun fara ganewa. Filin kwazazzabo ni zan riƙa hawa, na yi alkawari, kuma wannan karon ba zan jira shekara goma sha ɗaya ba. Ku da kuke karanta wannan, ku duba wurin aikinku da kyau. Akwai wani da ke tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ya san abin da bai iya bayyanawa ba. In ya ce a bar ɗaya, ku tambaye shi sau biyu kafin ku yi dariya. In kuma ku ne a bakin ƙofar, Allah ya ba ku irin haƙurin mutumin nan, ya kuma haɗa ku da waɗanda suka fi mu saurin ganewa.

Ranar Lahadi za mu yi masa sallama a ajin makaranta. Rosalba ta ce ya riga ya fara cewa shi a bakin ƙofa zai tsaya, wai ya fi shan iska. Ba za mu yarda ba. Na sa an kai kujerar uwata mai hannu an ajiye a gaba, kuma ni zan tare shi a ƙofar da kaina.

Don Baudilio, wannan taron masu gona ne. Shigo ka zauna.